Karan Awo na Tudun Tama

Da la'asar, ranar kasuwar Dungas, masu dawowa daga cin kasuwa suka tarar da gawar tsoho Tata a cikin ramin Bature.

Ramin yana kan Tudun Tama, wani tsohon kufai a gabashin ƙauyen Rijiyar Gawo. Tun kaka da kakanni ba a noma wurin, ba a kiwo. Babu komai a kansa sai tsingaro da kashin tama, wato baƙin dutsen da ke saura in an narka ƙarfe. Zamanin kuwa na Faransa ne, lokacin da ake kama mutane aikin dole. Wani Bature ya zo daga Damagaram da takardar kumandan, Baturen mulki na Magarya, aka kama masa mutum ashirin, suka yi wata guda suna haƙa. Suka tono guraben ɗakuna da wuraren da mutanen da suke narka tama. Daga ƙarshe suka tono randuna uku manya-manya, kowace da ƙasusuwan mutum a zaune a cikinta. Baturen ya tafi Magarya neman akwatunan da zai kwashe su zuwa ƙasarsu, ya bar Tata yana gadi.

Ga Tata kwance, ƙeyarsa a fashe. Randa ta uku kuma wayam, babu ko ƙashi ɗaya.

Mutanen gari ba su ɓata lokaci wajen tunani ba. Dama ba al'adarsu ba ce.

"Dogo ne," in ji Ɗayyabu mai gari. "Wa ke da guduma a garin nan in ba maƙeri ba?"

Dogo maƙeri shi kaɗai ne gidansa bai karɓi salla ba a duk ƙauyen. Ranar da aka buɗe randa ta farko ya faɗa a bainar jama'a cewa kakanninsa ne a ciki, kuma wanda ya taɓa su ba zai gama lafiya ba. Kafin rana ta faɗi an jawo shi daga maƙera, an ɗaure shi a gindin tsamiya a ƙofar mai gari. Mutanen da ya shekara talatin yana ƙera musu fartanya su ne suka riƙe igiyar.

Haruna gardi, wato ɗan sandan kumandan da aka bari a garin da bindiga, ya ce gobe bayan azahar zai tafi da shi Magarya. Kowa ya san wanda ya kashe mai gadin Bature ba ya dawowa.

A cikin taron akwai wani baƙo, Ɗan Azumi mai bin sawu, mutumin Bande. Sana'arsa bin shanun sata, kuma ya tsufa a cikinta. Ya biyo ayarin ƴan kasuwa ne zai wuce gida. Gumsu, matar marigayin, ta ratso maza ta tsaya a gabansa, idonta a bushe.

"Baba, an ce ƙasa ba ta ɓoye maka magana."

"Tana ɓoyewa, in an tattake ta kamar haka."

"Shekara arba'in muna tare da Tata. Ba na so a yanka mini wani don a rufe mini baki. Nemo mini wanda ya yi."

Ɗan Azumi ya dubi Dogo a ɗaure, ya dubi rana. Ya ajiye jakarsa.

*

Ya sauka ramin kafin a ɗauke gawar. Sawu kam babu. Ƙafa ɗari ta bi ta kai. Amma abin da mutane suke ta yi wa kabbara shi ya tsayar da shi.

"Dubi kyakkyawan ƙarshe," in ji wani. "Ya faɗi yana fuskantar alƙibla."

Tata yana kwance a kan hannun dama, ƙafafu a miƙe a haɗe, fuska gabas, ido a rufe, hularsa a kan fuskarsa. Ɗan Azumi ya ga gawa da yawa a daji. Bai taɓa ganin wanda aka fasa wa kai ya gyara kwanciya haka da kansa ba.

Taku biyu daga nan akwai wani dunƙulen kashin tama, girman turmi, rabinsa a cikin ƙasa. A kan kaifinsa akwai jini da furfura. Ba guduma ba ce ke nan. Ture shi aka yi ya faɗi da baya. Kusa da randa ta biyu, inda taron bai kai ba, ya ga sawun takalmi mai ƙusoshi. Mutum ɗaya ne ke da irinsa a garin.

Aka yi wa Tata sutura kafin magariba. Habu ladan, ƙanen mai gari, wani gajeren mutum mai sanyin murya in ba a kan kiran salla ba, shi ya yi masa wanka. Shi ya yanko karan dawa ya auna gawar daga kai zuwa diddige, kamar yadda ake yi, ya karya saura, ya kai wa masu haƙa don su san tsawon kabari. Da aka gama binnewa aka shimfiɗa karan a bisa kabarin, aka watse.

*

Washegari da hantsi Ɗan Azumi ya tsuguna a gaban Dogo. Igiya ta ci masa hannu, ƙuda na bin leɓensa da ya fashe.

"Maƙeri, jiya ka hau tudun?"

"Kullum ina hawa. Da sassafe, in zuba musu ruwan gero in sauko. Tata ya gan ni, har ya ce in gyara masa wuƙa."

"Ka ce wanda ya taɓa su ba zai gama lafiya ba."

"Na faɗa. Yau ma in an tambaye ni zan faɗa."

"Da kai ka kwashe ƙasusuwan, ina za ka kai su?"

Dogo ya ɗaga kai, ya dube shi kamar ya ga mahaukaci. "In kai su ina? Randar ita ce ɗakinsa. Ka taɓa ganin an fitar da mutum daga ɗakinsa don a taimake shi? Ni da rufewa zan yi, in mayar da ƙasa."

"Gabas ina ne?"

"Inda rana ke fitowa. Me ya haɗa ni da ita?"

Ɗan Azumi ya kwance gorarsa ya ba shi ruwa. Masu zama a ƙofar mai gari suka yi ta tsaki.

*

Mai takalmin ƙusoshi shi ne Usmanu tafintan Bature, ɗan Magarya, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya iya Faransanci, ya kuma ɗauka hakan ya raba shi da talakawa, har yana so a riƙa ce masa Mushe, wato malam a bakin Faransawa. Ɗan Azumi ya same shi yana shan shayi a zauren baƙi.

"Mushe Usmanu, takalminka ya je gaisuwa wurin randa ta biyu jiya."

"Aikina ne. Kullum ina wurin."

"Shekaranjiya da yamma an share ramin, Bature ba ya son datti. Sawunka a kan sharar yake. Kuma ba tsaye ka yi ba, durƙusawa ka yi, gwiwa biyu, hannun hagu a ƙasa. Me hannun dama yake yi?"

Usmanu ya ajiye kofin. Ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Tsakiya ce, Baba. Jajayen duwatsun wuya. Ƴan kaɗan na ɗiba, a Kano ana son su. Wallahi na bar Tata da ransa yana cin goro, ni na ba shi goron. Ƙasusuwan randa ta uku suna nan lokacin. Me zan yi da ƙashi?"

"Wa ya gan ka?"

"Tsohuwar nan mai tukwane, tana tsince-tsince a gindin tudu. Baba, in Bature ya ji…"

"Ka yi sata a kabari, tsoron Bature kake ji," in ji Ɗan Azumi. Ya tashi ya bar shi da shayinsa.

*

Yakura maginiyar tukwane tana bayan gari tana daka tsingaro a turmi. Babarbariya ce da aure ya kawo, ta tsufa a garin ba ta koyi tauna magana ba.

"Inna, me kike yi da tsingaron kufai?"

"Abin da uwata take yi. In ka daka tsohuwar tukunya ka zuba a sabon yumɓu, ba ta fashewa a wuta. Duk randar da ke garin nan akwai na mutanen tudu a jikinta. Suna zaginsu arna, suna shan ruwa a cikinsu." Ta ɗauko wani tsingaro ta miƙa masa. "Dubi zanen nan. A kan tabarma aka buga shi, yadda nake bugawa. Ga kuma babban yatsanta a bakin. Mace ce, hannunta ƙarami. Na sa nawa yatsan a gurbin, ya zauna daram."

"Kin ga tafinta jiya?"

"Na gan shi ya hau, na gan shi ya sauko yana dafe aljihu. Tata ya ɗaga masa hannu. Daga nan na koma gida."

"To wa zai so ƙashi, Inna?"

Ta ajiye taɓarya.

"Ranar da aka buɗe ta uku duk gari ya je kallo. A ƙashin ƙafar akwai munduwa ta jan ƙarfe, murɗi uku, bakinta kamar kan kunkuru. Ka je gidan mai gari ka gaida uwarsu, Goggo Fadi, ka dubi ƙafarta ta hagu. Ta gada a wajen uwarta, ita ma a wajen tata. Kullum tana cewa biyu ne, ɗayar tana wajen masu ita."

"Ƴaƴanta sun gani?"

"Su biyun suna tsaye a bakin rami. Ɗayyabu ya tofar da yawu. Habu ya ce wannan itacen wuta ne. Gidan da ke cewa kakansu malami ne daga gabas, da allo ya zo!" Ta yi dariya maras daɗi. "Kuma jiya babu wanda ya je kasuwa a cikinsu. Babban wai ƙafa ke masa ciwo. Ƙaramin kuwa ladan ne, ba ya nisa."

Ɗan Azumi ya je gaisuwar. Tsohuwar makauniya ce, tana zaune tana kaɗi. Munduwar tana nan, murɗi uku.

*

Rana ta kusa tsaka. Ya koma tudun, ya bar inda aka tattake, ya yi da'ira mai faɗi ta cikin gonakin da aka girbe, kansa a sunkuye. Ta arewa ya ga abin da yake nema. Wani ya ja reshen sabara a bayansa don ya share sawunsa. Mutane ba su san shara ma sawu ce ba. A kan farin rairayi kuma, nan da can, akwai ɗigon jar ƙasa, irin wadda ba a samu sai an haƙa zurfin mutum biyu. Wani ya ɗauki kaya daga ramin a cikin zane, kayan yana zubar da ƙasarsa.

Layin ya kai shi wani kwari a bayan gonaki, ƙarƙashin wata bishiyar kalgo. An baza ƙaya da busasshen ganye. Ya janye su.

Kabari ne sabo. Kudu da arewa, daidai yadda ake yi wa Musulmi. Ya buɗe gefe ɗaya da hannu, a hankali. An haƙa uwar kabari, an haƙa ƙaramin ramin gawa a cikinta, an jera itace a kai. A ƙasa akwai farin ƙyalle, rabin rawani ne, an jera ƙasusuwan a ciki daga kai zuwa ƙafa, ƙoƙon kan yana duban gabas. Munduwar tana ƙafar hagu.

Ya mayar da komai yadda yake. Sai a lokacin ya lura da abin da ya kamata ya fara gani. Ƙasusuwan nan da rami kamu biyu zai ishe su. Amma an haƙa kabari cikakke. Kuma a bisansa, a ƙarƙashin ƙayar, an shimfiɗa karan dawa, an karye bakinsa.

Ɗan Azumi ya zauna a ƙasa yana kallon karan. Ba a haƙa kabari sai an yi awo. Hannun da ya saba ba zai iya tsallakewa ba. To amma wace gawa aka auna, alhali babu gawa sai tarin ƙashi?

Ya ɗauki karan. Ya mayar da ƙayar. Ya koma ta wata hanya dabam, shi ma yana jan sabara.

*

Bayan azahar gari ya taru a gindin tsamiya. Haruna gardi ya riga ya ɗaura igiyar Dogo a sirdin dokinsa. Gumsu tana gefe cikin takaba.

"Gardi, ka ba ni lokacin shan ruwa," in ji Ɗan Azumi. "Mutum huɗu nake so su tsaya nan. Maƙeri, tafinta, mai gari, ladan."

"Ni?" in ji Ɗayyabu. "A ƙofar gidana za ka jera ni da arne?"

"Tsaya, mai gari," in ji Haruna. "Ni ma ina so in gani."

Ɗan Azumi ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce ba a bugi Tata da guduma ba, ture shi aka yi ya faɗa kan kashin tama. Ya ce wanda ya ture shi ya juya shi gabas, ya rufe masa ido, abin da ba zai taɓa zuwa wa Dogo a rai ba. Ya ce an kwashe ƙasusuwan ne ba don sayarwa ba, an yi musu likkafani da kabari irin na Musulmi.

"Wa zai yi wa arne likkafani?" wani ya tambaya.

"Wanda ya gane nasa ne, ya kasa bari a sa shi a akwati, ya kuma kasa faɗa a gabanku." Ya ɗaga karan. "Wannan na samu a kan kabarin. Babu gawar da zai auna. Sai ya jingina karan a jikinsa ya auna kansa."

Ɗan Azumi ya fara da maƙeri. Ya kafa karan a gefen Dogo. Bai kai masa kafaɗa ba. Ya kafa a gefen Usmanu, wanda gumi ya jiƙa wa riga. Ya tsaya masa a kunne. Ya matsa wajen mai gari. Mutane suka miƙa wuya, don da yawa sun riga sun yanke cewa mai gaggawar ɗaure wani shi ne mai abin ɓoyewa. Karan ya tsaya wa Ɗayyabu a haɓa.

Saura ɗaya. Ɗan Azumi bai matsa ba tukuna.

"Gajeru suna da yawa a duniya," in ji Ɗayyabu da ƙarfi. Sai muryarsa ta mutu a tsakiya. Ya juya ya dubi ƙanensa. A hankali ya ce, "Jiya kiran sallar azahar ya makara."

Habu ya cire hularsa. Ya tako da kansa ya tsaya a jikin karan. Ko yatsa ba ta shiga tsakani.

"Yaya, kai ma ka ga munduwar," ya ce. "Kai ka iya tofar da yawu ka yi barci. Ni kwana uku ina ganin ƙafar Goggo a cikin akwatin Bature." Ya juya wajen Gumsu, bai iya kallon fuskarta ba. "Na roƙe shi ya kau da kai. Ya riƙe mini riga, ya ce amana aka ba shi, zai kira mutane. Ture shi kawai na yi, Gumsu. Allah ya sani."

"Wannan na ji," in ji Gumsu. "Tsautsayi yana faɗa wa kowa. Amma kai ka yi masa wanka da hannun nan. Ka wuce ta gaban bawan Allah nan a ɗaure sau huɗu za ka kiran salla. Wannan ma turewa ce?"

Habu ya sunkuyar da kai. Ya ji tausayin ƙashin da ya shekara ɗaruruwa a ƙasa, bai ji na mai rai da ke ɗaure a ƙofar gidansu ba, don kawai kada a ce jikan arna ne. Wannan ita ce ta fi kisan muni, kuma duk wanda ya riƙe igiya jiya yana da kaso a ciki.

Haruna ya kwance Dogo, ya ɗaure Habu da igiyar.

"Ina kabarin?" ya tambayi Ɗan Azumi. "Bature zai nemi kayansa."

Habu ya ɗago ido karo na farko.

"Matar nan ta sa ni in nemo wanda ya kashe mijinta," in ji Ɗan Azumi. "Ga shi na nemo. Ba wanda ya sa ni neman ƙashi, kuma ba zan nema ba."

Haruna ya rataya bindigarsa. Sa'an nan ya hau doki, ya ce wa Habu, "Mu je."

*

Baturen ya dawo ya yi faɗa, ya sa aka kama wasu mutum goma suka yi kwana bakwai suna tonon banza a gefen tudu. Daga baya ya ɗora randuna da ƙasusuwan mutum biyu a kan raƙuma ya tafi. Babu wanda ya sake jin labarinsu.

Babu mutum ɗaya a Rijiyar Gawo da ya je ya ba Dogo haƙuri. Da bazara ta zo dai suka kai masa fartanyoyinsu.

Habu bai cika shekara a gidan kaso na Damagaram ba. Fursunoni suka binne shi a bayan ganuwa, ba wanda ya san gurbin, ba wanda ya yanko masa kara.

Da labarin ya kai Bande, Ɗan Azumi ya ɗauko karan daga rufin ɗakinsa inda ya soke shi, ya yi tafiyar yini zuwa kwarin nan. Ciyawa ta rufe wurin. A gindin kalgon ya ga alamar ruwan gero da aka zuba da safe, da sawun dogon mutum. Kusa da shi akwai wani sawun, na tsohuwa mai dogara sanda, ana jan ta a hannu, ƙafarta ta hagu mai nauyin munduwa ta fi nutsewa.

Ya shimfiɗa karan a bisa kabarin. Bai ragu ba, bai yi saura ba.